Wai Abubakar Imam marubuci ne ko tafinta?

Baffa: Jama'a ku yi haƙuri zan taɓo inda ba a so. Ni fa tunda na gano da yawa daga cikin labaran Magana Jari Ce ɗauko su aka yi daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya, Imam ya ragu a idona. Fassara ya yi, ba ƙirƙira ba.

Maman Hanan: Kai Baffa ka ji tsoron Allah da sassafen nan

Baffa: To ƙarya na yi? Kalala da Kalalatu ma na Jamusawa ne, matar da ta cinye kaji ta tsorata baƙo ya arce. Shi kansa akun nan mai hana ɗan sarki fita da dare ta hanyar ba shi labari, a Indiya aka samo shi.

Malam Hadi: Ba wanda ya musa maka, ai Rupert East, Baturen da ke kula da aikin wallafa littattafan Hausa, shi ne ya tara masa littattafan a Zariya wajen 1936 ya ce ya yi aiki da su, ba ɓoyayyen abu ba ne. Abin tambaya shi ne me ya yi da su. Ni na karanta Kalalatu a firamare kuma wallahi na ɗauka a bayan gidanmu take, yadda take ɗanɗana naman nan tana ba kanta uzuri har ya ƙare, da fadanci da waziri mai hassada da karin maganar da yake sa wa labari a ka, duk wannan ba a littafin Bature ya gani ba, a Katsina da Kagara ya ji su.

Auwal: Malam ka gama magana. Baffa kai ɗauko labarin Jamus ɗaya ka mayar mana da shi Hausa mu ga ko za a karanta shi bayan shekara 80

Baffa: Auwal ni ban ce ni marubuci ba ne. Amma in yau wata 'yar Kano ta kalli fim ɗin Indiya ta mayar da shi littafi ku ne na farko da za ku ce satar fasaha ta yi. Me ya sa shi ba a faɗa?

Maman Hanan: Wannan kam ka ɗan kama ni, gaskiya muna da son kai a nan. Sai dai ita in ta ɗauko, har rawar da bishiyoyin sai ka gan su a ciki.

Malam Hadi: Kuma kun manta Ruwan Bagaja, gasar rubuta littattafai ta 1933 yana ɗan shekara 22, tare da Ganɗoki na wansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa. Malam Zurƙe fa, wa ya fassaro shi?

Baffa: Shi ma akwai ƙanshin littafin Larabcin nan Maƙamatul Hariri a jikinsa Malam, ka fi ni sani.

Malam Hadi: Ƙanshi daban, kwafa daban ɗana. Abin da ni ke damuna ma ba wannan ba ne, tunda aka ba shi editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 jarida da aikin gwamnati suka cinye shi, har ya rasu a 1981 ba mu sake samun irin waɗancan ba.

Auwal: Baffa Magana Jari Ce littafi na uku da ka ara a wajena tun azumi fa, tunda fassara ce ka dawo min da abina

Baffa: Ban gama ba tukuna