An ce sai na koyi ɗanɗana giyar inabi kafin a fito da ni falo. Ina mafita?

Ɗan Damagaram ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka yi aikin gidan abinci a Turai.

Ina aiki a wani babban gidan abinci a birnin Liyon na Faransa, irin wanda ake jero wa baƙo faranti bakwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne loma uku ya ƙare. Da wanke-wanke na fara, yanzu ni ke gyaran kayan lambu. Mai gidan ya ce yana so ya fito da ni falo in riƙa hidimar baƙi, albashi kuma zai ƙaru sosai. Sharaɗin ɗaya ne: duk ma'aikacin falo sai ya zauna zaman ɗanɗano da mai kula da giya, wanda suke kira somaliye. Na sha leƙa su ta ƙofar kicin. Ana zuba 'yar kaɗan a kofi, a ɗaga ta saitin farin mayafin tebur a duba launinta, a jujjuya kofin, a shinshina, a guntsa, sannan a tofar a bokiti. Somaliyen ya ce min wannan ba sha ba ne, aiki ne. Ya ƙara da cewa tasu "vin nature" ce, inabi ne zalla, ba a zuba mata komai ba.

Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ina da iyaye da ƙanne a gida da suke jiran abin da zan aiko. Mene ne gaskiyar wannan giyar? Kwalaben da aka rubuta 0.0% fa? Sannan miyar da ake dafawa da giya, da gaske wuta na cinye barasar?

Maman Hanifa ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ilimin sarrafa abinci na karanta a nan Faransa, don haka bari in ɗauki ɓangaren da na sani.

Somaliyenka bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa maganar ba. Ba zuba barasa ake yi a giya ba, a cikin ruwan inabin take haifuwa. Yis ne ke cinye sukarin inabi ya mayar da shi barasa, ko an sayo yis ɗin a leda ko wanda ke jikin ɓawon inabin ne tun daga gona. Juya kwalbar ka karanta bayanta, za ka ga 12% ko 13%, daidai da sauran.

Abin da suka bambanta da shi yana wajen noma da haɗi. Wadda ake kira "bio" tana da doka ta Tarayyar Turai tun 2012: ba takin zamani, ba maganin feshi na kamfani, kuma sinadarin salfait da ke hana ta lalacewa ba zai wuce miligiram 100 a lita ba a jar giya marar zaƙi, alhali ta gama-gari ana barin ta har 150. Ita kuwa "nature" ta fi tsanani. Tambarin "Vin méthode nature" da aka fito da shi a 2020 ya ce a tsinke inabin da hannu, kada a sayo yis, salfait kuma kada ya haura miligiram 30. Ai kusa da kai abin ya yi ƙarfi, a yankin Bojole da ke arewa da Liyon, inda masanin haɗa giya Jules Chauvet ya koyar da manoman inabi irin su Marcel Lapierre na yankin Morgon. Ina girmama noman da suke yi, don suna tausaya wa ƙasa. Amma maye dai maye ne.

Ta 0.0% giya ce cikakkiya da aka fara haɗawa, daga baya aka zare barasar da injin, ko ta turara ta a zafi kaɗan ko ta matse ta cikin matata mai ƙananan ƙofofi. Doka ta yarda a kira ta marar barasa matuƙar ba ta wuce 0.5% ba, don haka ka riƙa duba lambar da kyau.

Maganar wuta kuma, a nan ne mutanenmu da yawa ke ruɗuwa. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna in aka kunna wa kasko wuta ya yi bal-bal ɗin nan, kusan 75% na barasar na nan. Bayan minti 30 ana tafasa saura 35%, sai an yi awa biyu da rabi kafin ta sauko 5%.

Malam Sani Mai Dara ya amsa:

Allah ya yi maka albarka ɗana da ka tsaya ka tambaya kafin ka sa hannu. Ni ba mufti ba ne, ɗalibi ne, amma wannan mas'ala a fili take. A Suratul Ma'ida aya ta 90 ba "kada ku sha" kaɗai aka ce ba, cewa aka yi ku nisance ta. Wanda ya guntsa a baki bai nisanta ba, kuma kowa ya san ba a kurkure baki wani abu bai wuce maƙogwaro ba. Abin da ya fi damuna ma ba zaman ɗanɗanon ba ne, aikin falon ne kansa, domin hadisin da ya ambaci mutum goma game da giya ya haɗa da mai ɗaukar ta da mai shayar da ita. A irin gidan da ka kwatanta ba za ka yi hidimar tebur ba ka zuba kofi ba.

Ta 0.0% malamai sun yi saɓani. Wasu sun duba cewa ba ta bugarwa komai yawanta, wasu sun duba asalinta. Ka samu malamin da ka amince da shi a nan inda kake ka nuna masa kwalbar. Ruwan khal kuwa ka kwantar da hankalinka, in giya ta rikiɗe da kanta ta zama khal babu saɓani kan halaccinsa.

Yaya Bello na Landan ya amsa:

Ƙanena, na daɗe a wannan sana'ar, kuma ni shawarata kada ka ce wa mai gida "a'a" kawai ka juya. Ka je masa da wani abu a hannu.

Ka tambayi kanka me giya ke yi a kan tebur. Tsami ne ke yanke maiƙon nama da man shanu, ɗan baurin nan da ke kama harshe yana wanke baki kafin faranti na gaba, sai ƙamshi. Duk ukun ana samun su ba tare da barasa ba. Gidan abinci mai suna Noma da ke birnin Kofanhegan na ƙasar Denmark ya yi suna da jera ruwan 'ya'yan itace da ganyaye, kofi ɗaya ga kowane faranti, yanzu kuma manyan gidaje da yawa sun bi sahu, saboda akwai masu juna biyu, akwai masu tuƙi, akwai baƙi Musulmi masu kuɗin kashewa.

To wa ya fi ka sanin zoɓo? Ka jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana, kada ka tafasa, don tafasa ke fito da ɗacinsa. Ka rage sukari sosai, ba irin na sallah ba, ka jefa kanumfari biyu da 'yar citta. Ka zuba a kofin giya kusa da naman agwagwa ka ba somaliyen ya kurɓa. Tsamiya da ɗan gishiri tana tafiya da kifi. Na taɓa gwada wannan a wurin aikina, shef, wato shugaban masu girki, ya yi shiru yana kallon launin, sannan ya ce in rubuta masa awon.

Amma in gaya maka gaskiya, ni kicin zan zauna in na zama kai. Can ne girma yake. Dubi Adejoké Bakare da ta taso a Kaduna, gidan abincinta Chishuru da ke Landan ya samu tauraron Michelin, lambar yabo ta manyan gidajen abinci, a 2024. Dubi Mory Sacko a Faris da nasa tauraron na 2021. Da tukunya suka samu, ba da zuba kofi ba. Ka roƙi a matsar da kai ɓangaren kifi ko gashi, ko kayan zaƙi.

Ɗan Damagaram ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nemi ɓangaren kifi, in kuma kai masa zoɓon. Sai dai Maman Hanifa, a can akwai miyar man shanu da suke kira "beurre blanc", da farar giya ake fara ta. Me zan sa a madadinta?

Maman Hanifa ta amsa:

Ka nemi "verjus", ruwan ɗanyen inabi ne da aka matse tun bai nuna ba, bai taɓa zama giya ba. Ka dafa shi da yankakkiyar ƙaramar albasa har ya kusa ƙafewa, ka rage wuta, ka riƙa jefa man shanu mai sanyi gutsure-gutsure kana kaɗawa. Kada ka bari ya tafasa, in ya tafasa man zai rabu. Ya fi giya zaƙi kaɗan, don haka ka ɗiga lemon tsami a ƙarshe, kuma ka fara gwada shi a abincin ma'aikata kafin ka kai wa shef.