Kilasma, retin ko maki: me za mu rubuta a saman takardar?

Magatakardan gasa, Garwa

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ke riƙe da littafin sakamako a 'yar gasar ƙwallon tebur da muke yi duk yammacin Asabar a nan Garwa ta Kamaru, tebur uku a wani zaure na haya. Cigiyar kalma ce ta kawo ni.

Shekara huɗu muna lissafin lambar da ke nuna ƙarfin kowane ɗan wasa a Excel, da jadawalin hukumar ƙwallon tebur ta Faransa. Bana samari suka matsa lamba sai da aka koma wata manhaja ta waya mai lissafi irin na Elo, wato tsarin da wani Arpad Elo ya ƙirƙiro, kuma tun daga ranar zaure bai ƙara zama lafiya ba. Asabar ɗin da ta wuce wani dattijonmu, wanda da kuɗin aljihunsa aka sayi teburinmu na farko, ya sha kashi a hannun wani yaro ɗan sakandare da ke ƙasa da shi da 120. Da a tsohon jadawali ne, 8 za a rage masa. Manhaja ta zabge 21. Baba ya ajiye raket, ya zare tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "Kai, wa ya ba ka izinin taɓa min maki? Shekara huɗu ina tarawa."

Na kwana da maganar nan, na ga ai Baba bai yi laifi ba, mu muka ce masa maki ne. Abin da ake ƙirgawa zuwa 11 a cikin wasa, maki. Abin da ƙungiya ke samu idan ta yi nasara, maki. Wannan lambar da ke hawa tana sauka ita ma maki. Faransancin da muke ara bai raba mana gardama ba, don kilasma ɗaya ce ke nufin lambar, ita ce kuma ke nufin wane na ɗaya wane na biyu. Masu Turanci sun raba, suna da rating na lambar, suna da ranking na layin. To mu fa, me za mu kira ta farkon?

Malamin lissafi, Marwa

Wa alaikumus salam. Malam magatakarda, kafin a raɗa wa jariri suna a fara duba namiji ne ko mace. Arpad Elo malamin kimiyya ne ɗan asalin Hungari da ya zauna a Amurka, kuma don wasan ces, wato darar Turawa, ya ƙirƙiro lissafin. Hukumar ces ta Amurka ta karɓe shi a 1960, ta duniya a 1970. Lambar ba lada ba ce, hasashe ce. Idan ka fi mutum da 400, lissafin yana cewa a wasa goma sha ɗaya kai za ka ci goma. Idan da 120 ka fi shi, kamar Baba da yaron nan, za ka ci biyu cikin uku. Ranar da abin da aka zata bai faru ba, sai a gyara hasashen. Ga dukkan alamu manhajarku da 32 take ninkawa, kuma kashi biyu cikin uku na 32 shi ne 21 ɗin nan. Ba wanda ya ci amanar Baba. Ni na ce a kira ta ƙiyasi.

Mai shagon waya, Gaundare

Ƙiyasi ya yi kama da takardar kasafin kuɗi, Malam. Wa zai tsaya a bakin tebur yana cewa ƙiyasina ya ƙaru? Ku ce daraja mana. Ko kima.

'Yar wasa, Garwa

Yaya, don Allah ka zo Garwa ka kalli tsabar idon Baba ka ce masa darajarsa ta ragu da 21. Mu dai za mu tsaya daga bakin ƙofa. Daraja da kima da mutunci duk 'yan gida ɗaya ne, ba a sa musu lamba a manna a bango.

Direban babbar mota, Njamena

Ni ban ga abin wahala ba. Tebur aro ne, raket aro ne, sunan wasan ma a bakin yara pin-pon ne. A nan kowa kilasma yake cewa, mai Larabci da mai Hausa, kuma ba wanda ya taɓa ɓata. Ku bar ta yadda kuka same ta.

Magatakardan gasa, Garwa

Maigida, ba ƙyamar aro nake ba. Manhaja ma ai ba a Kano aka haife ta ba, ga ta mun riƙe. Matsalar kilasma ita ce jaka ɗaya kaya biyu. Wata biyu da suka wuce wani ya kira ni bayan isha'i yana faɗa wai kilasmarsa ta faɗi alhali ya ci wasa. Da na duba, lambarsa ta ƙaru da 6, amma wani ya tsallake shi, ya tashi daga na bakwai ya koma na takwas. Shi yana maganar layi, ni ina maganar lamba, muka ƙone kati a banza.

Akwai kuma abin da ban faɗa ba tun farko. Jadawalin Faransa yana da sassauci. Idan ku biyu kusan kai ɗaya ne, wanda ya ci a ba shi 6, wanda aka ci a rage masa 5. Kullum abin da aka bayar ya fi abin da aka karɓa. Can Faransa hukumar tana zaftare wannan kumburin lokaci-lokaci, mu kuwa ba mu taɓa yi ba. Shekara huɗu duk mai zuwa a kai a kai lambarsa na ta kumbura kamar ƙullun da ya kwana, kowa na ganin hannunsa ne ke faɗawa. Manhaja kuma ba ta san wannan alheri ba: abin da ta ba wane, daga jikin wane ta yanko. Shi ya sa dattawa ke ganin ta da mugunta.

Malamin lissafi, Marwa

Haka ne, kuma ba ku kaɗai ba. Jadawalin Amurka ya ma fi zafi a wani gefen: idan ka fi mutum da 238 ko sama, ka ci shi ba ka samun ko ɗaya, ya ci ka a kwashe maka 50. Shi ya sa a ko'ina ake samun manya masu zille wa ƙanana. Idan ƙiyasi bai yi ba, nauyi fa? 'Yan damben zamani ai da nauyi ake raba su aji-aji.

'Yar wasa, Garwa

Malam, mu mata ba mu yarda a karanto nauyinmu a gaban jama'a duk Asabar ba. Ban da wasa, nauyi ya riga ya yi aiki da yawa: nauyin jiki, nauyin iyali, jin nauyin surukai. Kuma a wasan nan akwai wanda ake cewa hannunsa na da nauyi saboda ƙarfin dukansa, alhali ba ya cin kowa.

Tsohon ma'aunin auduga, Gidar

'Ya'yana, ban taɓa riƙe raket ba, jikana ne yake karanto mini wannan muhawara, na ce ya rubuta abin da zan faɗa. Kun kusa, sai kuka ɗauki kaya kuka bar aikin. Kalmar da kuke nema awo ce.

Na yi shekaru a bakin sikeli lokacin kasuwar auduga. Manomi zai zo da ɗaurinsa yana rantsuwa ya fi na bara, a ɗora, allura ta tsaya inda ta tsaya. Yakan yi fushi, amma ban taɓa jin wanda ya ce an sace masa awo ba. Sai dai ya ce sikelin nan ba shi da gaskiya, a kawo dutse a gwada. Wannan kuwa gardama ce mai amfani, don ana iya kawo dutsen. Awo ba dukiya ba ne da ake tarawa a rumbu. Na yau daban, na gobe daban. Auduga ta sha raɓa ta yi nauyi, ta sha rana ta koma. Ku gwada a baki ku ji: awona ya hau, awonsa ya sauka, nawa ne awonka, ba a auna shi ba tukuna. Ga aikatau, wato auna, a shirye, ga ma'auni, ga mai awo. Ƙiyasin Malam ba ya haihuwa haka.

Mai shagon waya, Gaundare

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a gidanmu idan aka ce an tafi awo, ko dai asibiti aka nufa da juna biyu, ko kasuwa sayen dawa. Ranar da na ce wa uwargida na tafi duba awona sai ta tara min dangi.

Tsohon ma'aunin auduga, Gidar

Ɗana, awon ciki da awon hatsi da awon tela sun zauna shekaru a harshe ɗaya, ba a taɓa kai mai ciki wurin tela ba. Idan kana tsoro ka ce awon hannu, a zaure kuma awo kawai ya isa.

Direban babbar mota, Njamena

To, na ji awo. Amma da aka ce Aruna Quadri na Najeriya ya shiga goman farko a duniya a 2022, shi ma awonsa ne ya hau?

Malamin lissafi, Marwa

Tambayar nan ta biya kuɗin motarta. A'a. Jerin hukumar ƙwallon tebur ta duniya yanzu ba na Elo ba ne. Ana duba zagayen da ɗan wasa ya kai a manyan gasanni, a ba shi maki, a tara mafi kyawun sakamakonsa takwas na wata goma sha biyu. Wannan kam maki ne na gaskiya, irin wanda Baban Garwa yake nufi, ana tara shi, sai dai shi ma yana ruɓewa bayan shekara. Na goma da Quadri ya kai kuwa gurbinsa ne a layi. Kenan abu uku ne: maki, awo, da wurin tsayuwa. Na ukun ni matsayi zan ce, haka gidajen rediyo ke faɗa. Na janye ƙiyasi, ko da yake har gobe ina ganin ya fi kusa da ma'anar. Sikeli yana faɗin abin da ke akwai, lambar Elo kuwa tana faɗin abin da ake zato. Awo zai sa mutane su gaskata ta fiye da yadda ta cancanta.

Magatakardan gasa, Garwa

Wannan gargaɗin na Malam ya taɓa ni, don na ga inda sikelinmu ke ƙarya. Akwai ɗan wasanmu ɗaya da manhaja ta mayar mutum uku, saboda masu shigar da sakamako uku sun rubuta sunansa iri uku, ɗaya da rubutun Faransanci, ɗaya yadda ake rubutawa a Najeriya, ɗaya yadda 'yan Chadi ke yi. Kowane da lambarsa, ɗaya ma ya fi ɗaya da kusan ɗari. Ga baƙi masu zuwa daga Yola ko Mubi, gwanaye, manhaja ta ɗora su a lambar sabon shiga, su yi Asabar biyu suna yagar na gida su koma. Ga ranar da ba reso, wato sabis ɗin waya, a rubuta a takarda, a shigar bayan kwana uku ba bisa jerin da aka buga ba, lissafi ya ɗan goce. Duk wannan da muna cewa maki, zargin sata ake yi, kuma ni ake kallo. Idan awo ne, sai a ce a sake aunawa.

Ga abin da nake gani. Lambar sabon shiga da ta baƙo mu kira ta ɗanyen awo, a sa mata alama har sai mutum ya buga wasa goma. Wadda ta zauna kuma nunannen awo, ko awo kawai. Wannan zai ɗan rage damuwar Malam, tunda sunan da kansa yana cewa kada a dogara da ita tukuna.

'Yar wasa, Garwa

Ɗanyen awo ya yi daɗi a baki. Amma matsayi ni bai kwanta min ba, zai koma gidan daraja. Sahu ya fi. Kowa ya san sahu, kuma ba wanda ke jin an wulaƙanta shi don ya tsaya a na biyu.

Malamin lissafi, Marwa

Ƙanwata, sahu ɗaya ai mutum ashirin yake ɗauka. Ya fi dacewa da rukuni, sahun farko da sahu na biyu, waɗanda kuke kira divisiyo. Na bakwai da na takwas dai matsayi ne.

Dattijon da ake magana a kansa, Garwa

Ashe nan kuka kawo ni. An nuna mini komai. Ni ban ƙi awo ba, mai audugar nan ya san abin da yake faɗa, ina gaishe shi. Amma tunda awo ne, ina da haƙƙin ganin sikeli. A manna lissafin a bango da Hausa, yadda kafin in ɗauki raket zan san nawa zan samu nawa zan rasa, kamar yadda tsohon jadawali yake manne. Abin da ke cikin waya ni ban gan shi ba. Kuma yaron nan a gaya masa ranar Asabar ya zo da wuri.

Magatakardan gasa, Garwa

An gama, Baba. Malam, don Allah ka fitar mana da jadawalin, tazara hamsin-hamsin har zuwa 400, ni zan buga in manna. Takardar wannan makon za ta fita da kai uku: matsayi, suna, awo, da tauraro a gaban masu ɗanyen awo. Rukunai kuma sahu. Wanda manhaja ta raba uku na haɗe shi jiya da dare.

Saura guda. Idan ƙarami ya kayar da babba, yaranmu perf suke cewa irin na Faransawa, wanda aka kayar kuma ya yi kwantar. Ni ba-zata da tuntuɓe suka zo min.

Dattijon da ake magana a kansa, Garwa

Tuntuɓe na yarda. Ba-zata kuma a bari sai bayan Asabar.