Mota na shanye ruwa tana zafi, bakanike ya ce a buɗe inji: in yarda?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Motata ƙirar 2008 ce, silinda huɗu. Ruwan lagireto yana raguwa, duk mako sai na ƙara kusan rabin lita, amma ko ɗigo ban taɓa gani ba a inda take kwana. Allurar zafi ba ta tashi sai a cikin cunkoso, musamman in na kunna esi. Da na samu hanya na taka sai ta sauko tsakiya. Babu farin hayaƙi a salansa, baƙin mai kuma lafiya ƙalau. Bakanikena ya ce gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ce ta ƙone, a sauke kan inji. Ga doguwar tafiya da iyali a gabana. In bari ya buɗe, ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa?

Direban dare: Wa alaikumus salam. Canza lagireto ka huta. Tawa ma haka ta yi, kullum da safe ƙasa jagab.

Mai tambaya: Oga, ai na ce tawa ba ta zubarwa.

Uwar biyu: Ɗan'uwa, don Allah kar ka hau hanya da yara a haka. Ni ce mini aka yi in riƙa yawo da jarka a but, babu komai. Muna tsakiyar tafiya allura ta kai ja, na ce bari in lallaɓa zuwa gidan mai. Ashe lallaɓawar ce ta gama da injin. Muna tsayawa ƙanena ya murɗe murfin lagireto da hannu, ruwa ya yi tsartuwa ya sale masa damtse, har yau da tabon. Masu taimako suka taru suka ɗura ruwan sanyi cikin injin da ke huci. Washegari da aka buɗe murfin baƙin mai, ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara. Kan injin ya lanƙwashe, aka kai aka goge shi, aka sa sabuwar gasket, ba a jima ba ta sake ƙonewa. Ƙarshe sai wani injin na saya, abin da na kashe ya doshi rabin kuɗin motar. Kuma duk wannan daga wani ɗan tiyo ne da ya tsage ta ƙasa, wanda babu wanda ya sunkuya ya duba.

Mai tasi: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Amma rabin kuɗin mota? An cuce ki. Ni aikin gasket bai kai mini kuɗin taya biyu ba.

Uwar biyu: Kai gasket kaɗai ka canza Malam, ni inji na ce.

Direban dare: Taya biyu? Kuɗin aikin hannu kaɗai ya fi haka, sai dai in kwali aka yanka maka.

Tsohon bakanike: Ku bari a amsa wa bawan Allah. Zafi a cunkoso da sauka a kan hanya, fanka ake fara zargi, domin a guje iska ce ke sanyaya lagireto. Ka tsaya, ka kunna esi, ka buɗe bonet ka ga ko fanka na juyawa; in shiru, a duba fiyus da rile da motar fankar. Rashin ɗigo kuma ba hujja ba ce. Ƙaramar ɓula sai inji ya yi zafi take fesawa, ruwan ya ƙone a jikin ƙarfe, ya bar farin gari ko ja-ja a bakin tiyo ko ƙarƙashin famfon ruwa. Ka taɓa kafet ta gefen fasinja, in da lema da wari mai zaƙi-zaƙi, hita ce ke yoyo a cikin dashbod. Sai murfi: yawanci yana riƙe matsin da ya kai bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), shi ke hana ruwa tafasa ko ya wuce digiri 100, robarsa na lalacewa ruwa zai riƙa fita a tururi. Gasket kuwa akwai gwajinta ba sai an kwance komai ba. A matsa wa lagireto iska a ga ko matsin zai sauka, sannan a sa ruwan gwajin nan mai shuɗi a bakinsa. In ya koma rawaya, hayaƙin inji na shiga ruwa. Amma ba zan rantse maka gasket ɗinka lafiya take ba, wata tana fara ci ba hayaƙi.

Mai tasi: Ko a cire tamostat, abin nan da ke tare ruwa sai inji ya yi zafi, a haɗa fanka kai tsaye, shi ke nan. Tawa haka take, allura ko motsi ba ta yi.

Ɗalibin injiniya: Wannan ɓoye ciwo ne. Tamostat na buɗewa ne a wajen digiri 80 da ɗoriya don inji ya zauna kusa da 90. In babu shi, inji na daɗewa a sanyi, ya sha mai, ya ci kansa da wuri.

Mai tasi: Kai da ba ka taɓa riƙe sifana ba za ka koya mini? Mota nake ci da ita tun kana firamare.

Tsohon bakanike: A nan dai yaron ya fi ka gaskiya, ni kuma na riƙe sifanar.

Ɗan barkwanci: Ku fasa mata ƙwai biyu a lagireto, in ba ta daina yoyo ba ai an samu na karin kumallo.

Uwar biyu: Akwai wanda zai karanta ya aikata fa. Haka ake toshe lagireto.

Mai tambaya: Baba bakanike, na gode. Na duba yanzu, fanka ɗaya ce ke juyawa a cikin biyun. Haka ya kamata ko duka biyu ne in an kunna esi?

Direban dare: Ni murfin nan da Baba ya ambata ne ke ci mini rai. Na sayi sabo fil a kwali, da lamba da komai, sati bai zagayo ba robar ta kumbura. Tsohon da na yar ya fi shi.

Mai tasi: To ruwan kulan fa, mai kalar nan da ake zuba wa lagireto? Na sayi galan kore shar, na zuba a roba na ajiye, da safe kalar ta kwanta a ƙasa, sama ruwa ne zalla. Wa zai faɗa mini yadda ake gane na gaske kafin a biya?