Wane suna za mu ba "fused glass" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Ƙanwata ta fara wani aiki don nishaɗi: tana yanka gilashi mai launi, ta jera wani kan wani, ta sa a ƙaramin tanderun lantarki har zafi ya kai wajen digiri 800, sai su manne su zama dutse guda. Da shi take 'yan kunne da abin wuya. Turawa na ce masa "fused glass". Mu fa?

Ɓangaren duwatsun ado bai ba ni wahala ba. A Bida, 'yan Masaga sun daɗe suna narka kwalabe suna naɗa narkakken gilashin a jikin sandar ƙarfe, su fitar da ƙarau da duwatsun wuya, sana'ar da ta taimaka UNESCO ta sa garin cikin biranen fasaha a 2021. Wannan naɗi ne, ba gardama. Na mutanen Krobo a Ghana kuwa, da suke daka kwalba ta zama gari, su zuba a mazubin yumɓu, su tsayar da karan ganyen rogo a tsakiya don ya ƙone ya bar huda, zubi ne.

Na ƙanwata ne ya tsaya min a wuya.

Wani ya ce "haɗin wuta". Wallahi kana faɗa za a turo maka mai gyaran wayar lantarki. Wata ta ce "waldar gilashi", amma mai walda yana ƙara wani ƙarfe a tsakani, nan kuwa ba a ƙara komai. "Gami" ma na so shi, sai dai azurfa mai gami kowa ya san ba ta gaske ba ce, ba zan sa wa kayan yarinya sunan algus ba. "Narkakke" ya zarce, don ba ya zama ruwa, laushi kawai yake.

Sai wata baba mai ginin tukwane ta ji bayanin, ta ce, "Ai gasawa take yi." Kuma haka ne. Ana sa shi a tanderu, a rufe, a bar shi ya huce a hankali kamar tukunya, in an yi gaggawar buɗewa ya tsage. Na ga wani da ta yi wa hakan, ya rabe biyu daidai inda shuɗi ya haɗu da ja.

Ni dai na tsaya a kan gasasshen gilashi. Aikin kuma gashin gilashi, ko da a rubuce wani zai zaci na kai ake nufi. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, in kuna da wani suna ku kawo.