Wayata ta gaji: wacce zan saya, kuma yaya zan kwashe abin da ke cikin tsohuwar?

Telan Fagge

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Ni tela ne, ɗinkin maza nake yi. Wayar da ke hannuna shekararta 4, mai 32GB ce, ram ɗinta 2. Ta yi min aiki iya ƙarfinta, amma yanzu ta gaji. Idan na taɓa WhatsApp sai na ƙirga goma kafin ya buɗe. Batir kuwa in na cire daga caji bayan asuba, kafin azahar ya koma ja.

Abin da ya sa na ce dole in canza shi ne abin da ya same ni ana saura kwana 3 babbar sallar da ta wuce. Wani kwastomana da ke aiki a Abuja ya aiko da shadda yadi 10, babbar riga da 'yar ciki da wando. Da hantsi ya turo saƙon murya. Na danna, ya ƙi sauka, waya ta ce babu wuri. Keke uku na gudu, janareto na ƙara, yara na tsaye suna jiran in yanka musu, sai na ce bari in gama in dawo kansa. Sai bayan isha na zauna na goge bidiyoyi, saƙon ya sauka. Cewa yake in ƙara inci 2 a tsawon wandon, wuyan 'yar cikin kuma kada a yi shi zagaye. Ni kuwa tun la'asar na sa almakashi. Wandon na samu na sake shi da ragowar yadi, wuyan kuwa haƙuri na ba shi. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba, amma har yau in na ga lambarsa sai kunya ta kama ni.

Wayar nan rabin shagona ce. WhatsApp Business shi ne kan gaba, a nan nake manna wa kowane kwastoma alama: wanda ya ba da kafin alƙalami, wanda aka gama nasa, wanda ake bin sa ciko. Awon mutane kuma tun da ruwan sama ya jiƙa min littafi na koma rubutawa a Google Keep, sunan mutum, kafaɗa, hannu, wuya, tsawo, shi ke nan. OPay na buɗe lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, har yanzu ta nan yawancin ciko ke shigowa. Pinterest da Instagram nake shiga neman sabon salon wuya da aljihu. Da dare kuma YouTube, in sa tafsiri ina guga. TikTok yaran shago ne suka saka min, ni ban fiye buɗe shi ba.

Naira 170,000 na tara. Abokina ya dage in ƙara wani abu in sayi iPhone 'yar Landan, wai hotonta ya fi fito da ɗinki. Ni kuma zuciyata ta fi kwanciya da sabuwa dal a kwali, ko Tecno ko Infinix ko Redmi.

Sai babbar damuwata. Maigidana da ya koya min ɗinki ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Akwai saƙonnin muryarsa guda 14 a wayar nan. A ɗaya yana yi min bayanin yadda ake fitar da hannun babbar riga kada ya ja, kana jin ƙarar kekensa a baya, har da tarinsa. Gara in rasa wayar da kuɗin gaba ɗaya da in rasa waɗannan. Yaya zan yi su koma sabuwar lafiya?

Mai Gyara a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano

Wa alaikumus salam Malam tela. Allah ya jiƙan maigida, ya sa ya huta.

Bari in fara da saƙonnin, don su ne ba a sayarwa a kasuwa. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka buɗe hirarku, ka danne kowane saƙo ɗaya bayan ɗaya, ka zaɓi rabawa, ka tura shi Google Drive ko imel ɗinka. Sannan ka tura wa wani na gida da ka yarda da shi. Kada ka jira sai ranar sayen waya. Wayar da batirinta ya kai wannan hali tana iya mutuwa da dare ta ƙi tashi, kuma kullum sai an kawo min irinta ana roƙo in ciro hotunan wani mamaci. Wani lokaci a dace, wani lokaci a'a.

Tambaya ɗaya: ka san lambar sirrin Gmail ɗin da ke kan wayar? Yawancin mutanenmu yaron shago ne ya buɗe musu ranar da suka saya, ba su taɓa riƙe ta ba. In ba ka sani ba, ka gyara wannan tun layinka na cikin wayar. WhatsApp yana ajiye hirarraki a Google Drive, amma ba zai dawo maka da su ba sai da lamba ɗaya da Gmail ɗaya. Kuma tun 2024 ajiyar tana cin wuri daga cikin 15GB ɗin da Google ke ba kowa kyauta, don haka ka cire bidiyo daga ajiyar, in ba haka ba ta cika ta tsaya kai ba ka sani ba. Ranar da ka sayi sabuwa, in Android ce, ka ajiye su kusa da juna, akwai hanyar kwashe hira kai tsaye, sabuwar ta nuna hoton QR, tsohuwar ta ɗauka. Kada ka goge komai a tsohuwar sai ka saurari duk 14 ɗin a sabuwar da kunnenka.

Batun cikar waya, ko mai 256GB ka saya za ta cika matuƙar ka bar WhatsApp yana sauke komai da kansa. Guruf nawa kake ciki? Na 'yan makaranta, na unguwa, na ƙungiyar teloli, kowanne bidiyo ɗaya ake ta juyawa, wayarka tana ajiye shi sau uku. Ka shiga saitin, wurin ma'aji da data, ka kashe saukar hoto da bidiyo ta kai tsaye. A nan kuma zai jera maka duk abin da ya haura 5MB da wanda aka yi ta turawa, ka share su.

Wayar da za ka saya kuwa, ni da kuɗin nan sabuwar Android zan ce. Ka nemi 128GB, batir 5000mAh, ram 4 na gaskiya ko sama. Na ce na gaskiya don za ka ga an rubuta 8 a kwali, a ƙasa da ƙananan baƙaƙe 4+4. Huɗun na biyu aro ne daga ma'ajin wayar, ba ya gudu kamar na asali. Tecno da Infinix da itel duk kamfani ɗaya ne, Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin, shi ya sa kayan gyaransu ba sa wuya a nan, gilashi ko bakin caji duk layin da ka shiga akwai. Ga layi biyu, ga wurin memori.

iPhone waya ce mai kyau, ba na kushe ta. Amma wadda kuɗinka zai kai tsohuwar ƙira ce, sau da yawa an canza mata batir ko gilashi, ba ta ɗaukar memori, kuma kwaso WhatsApp daga Android zuwa cikinta sai an wanke ta tas an bi ta manhajar Move to iOS. In ka nace, ka duba lafiyar batir kada ta gaza kashi 80, ka tabbata mai ita ya cire iCloud ɗinsa a gabanka. Kowacce dai ka saya, danna *#06# ka gwada lambar da ta fito da ta jikin kwali, kuma ka karɓi rasit mai sunan shago. Wayar sata ta kai mutane da yawa ofishin 'yan sanda ba su ji ba ba su gani ba.

Uwar Biyu

Yaya tela, ni atamfa da leshi nake sayarwa daga gida, kuma iPhone ce a hannuna, don haka bari in ɗan saɓa wa mai gyara. Abokinka bai yi ƙarya ba a kan hoto. Abin da ke kashe mu a sana'ar nan launi ne. Ka ɗauki leshi ruwan toka, waya ta mayar da shi sararin samaniya, a kai wa mata kaya Kaduna ta ce ba shi ta zaɓa ba. Tun da na canza waya wannan rigimar ta ragu sosai.

Amma fa in faɗa maka gaskiya, rabin gyaran haske ne. Da a ɗaki nake ɗauka ƙarƙashin ƙwan lantarki. Yanzu sai wajen ƙarfe 9 na safe nake shimfiɗa farin zani a inuwar baranda, in goge idon kyamara da gefen mayafi, in ɗauka ba filasha. Ƙanwata da Redmi take ɗauka a wurin, kuma ba kowa ke bambance nata da nawa ba. Kai da kake da yara a shago da kuɗin haya, kada ka ci bashi don waya.

Manhajar da na fi so bayan WhatsApp ita ce CapCut, da ita nake haɗa ɗan bidiyon kaya in ɗora a sitatus. Ka gwada ɗaukar riga a jikin mutum yana juyawa, ya fi hoton rataye a ƙusa jawo ciniki.

Abu ɗaya nake roƙonka, ka sa wa WhatsApp ɗinka mabuɗi na biyu, lambobi 6 ɗin nan. Bara wani ya kira ni da muryar mutunci, ya ce daga guruf ɗin islamiyyarmu ne, za a yi taro ta intanet, in karanto masa lambar da aka turo min. Ina tsakar girki, na karanta. Kafin in sauke tukunya an fitar da ni daga WhatsApp ɗina, yana ta bin kwastomomina yana neman rance da sunana. Mutum biyu sun tura. Kwana nawa ina bin mutane da kira ina ba da haƙuri.

Baba Mai Ritaya

Ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Mu da muka ga shigowar GSM a 2001, lokacin Econet da MTN, layi kaɗai sai mai hali, kira kuma naira 50 minti ɗaya ko gaisuwa kawai ka yi, sai da Glo ta zo a 2003 aka fara lissafi da daƙiƙa. Wayata ta farko Nokia 3310, sai in yi kwanaki ban nemi caji ba.

Shawarata, layin da bankinka ya sani kada ya zauna a babbar waya. Ka saya masa ƙarama mai madannai, ka sa wa sim ɗin kansa lambar sirri. Ka san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya a garin nan, kuma ba wayar kaɗai suke so ba, layin suke cirewa su shiga asusu. Ni haka nake yi. Babbar kuwa abu biyu nake yi da ita: manhajar Alƙur'ani da nake ƙara wa girman rubutu saboda idona, sai kiran bidiyo ranar Juma'a in ga jikokina.

Ɗan Maraɗi

Salamu alaikum mutanen Kano. Mu nan bokal muke ce wa saƙon murya, kuma kusan duk cinikinmu da shi ne, har da 'yan Kantin Kwari da muke saro kaya wurinsu. Malam tela, bayan abin da mai gyara ya faɗa, ka kwafe muryoyin a kart memwar, abin da kuke ce wa memori, ka cire shi ka adana a gida cikin akwati. Ranar da babu rezo, wato sabis, ko ka manta lambar sirri, yana nan. Kuma ka saka Gboard ka zaɓi Hausa, akwai ƙ da ɗ da ɓ, ya daina juya maka magana in kana rubuta wa kwastoma.

Telan Fagge

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba na gode, Allah ya ƙara lafiya, ƙaramar waya ma akwai ta matata da ba ta amfani da ita, yau zan mayar da layin.

Malam mai gyara, kamar kana gani. Ban san lambar sirrin Gmail ɗin ba, wanda ya sayar min ne ya buɗe. Jiya bayan magariba ni da babban yarona muka zauna muka canza ta, saƙo ya shigo ta layina, na rubuta sabuwar a bayan littafin awo. Daga nan muka shiga wurin ma'ajin da ka ce. Guruf ɗin ƙungiyar teloli kaɗai ya cinye sama da 6GB, yawanci bidiyon biki ne da ban taɓa kallo ba. Da muka share, wayar har ta ɗan yi sauƙi.

Saƙonnin na tura su duka 14, ɗaya bayan ɗaya, zuwa Drive da kuma wayar ƙanina. Sai da na saurari kowanne kafin in tura. Akwai wanda na manta da shi sam, na daƙiƙa 9 ne kacal, yana cewa in na tashi zuwa in taho masa da farin alli da zare baƙi guda biyu. Yarona da bai taɓa ganinsa a shago ba ya ce in sake sa masa, na sake. Na tura wa babban ɗan marigayin su ma, ya kira ni bayan isha muka daɗe muna magana.

Hajiya Uwar Biyu, na sa lambobi 6 ɗin, kuma da safe na fitar da wata farar shadda bakin ƙofa na ɗauka da tsohuwar wayar, har aikin wuyan ya fito. Na haƙura da iPhone sai wani jiƙon. Ranar Asabar in sha Allah zan shigo Farm Centre da kuɗina. Malam mai gyara, memorin da Ɗan Maraɗi ya ce, mai GB nawa zan saya, kuma yaya ake gane na jabu? An ce akwai wanda za a rubuta 64 a jiki amma bai ɗaukar ko 8.