Wai yara miliyan 5 a Amurka iyayensu na kurkuku?

Malamin Lissafi: Jama'a an turo min saƙo wai yanzu haka yara sama da miliyan 5 a Amurka uwarsu ko ubansu na gidan yari. Ni dai ban yarda ba wlh, ko a shekarun da fursunoninsu suka fi yawa ba su wuce miliyan 2.3 ba.

Maman Biyu: Haba Malam, mutum ɗaya ai sai ya bar yara uku huɗu a gida, meye abin mamaki

Malamin Lissafi: Hajiya ai ba kowane fursuna ne ke da yara ba. Hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar shari'arsu ta yi lissafin 2007, rabin fursunonin da ɗan wani abu ne masu yara 'yan ƙasa da shekara 18, yaran duka miliyan 1.7. Ina 1.7 ina 5?

Autan Gida: ni kuma na cibiyar bincike ta Pew na gani, rahoton 2010, miliyan 2.7, wai yaro ɗaya cikin 28. To waye maƙaryacin a ciki 😅

Barista: Babu maƙaryaci ƙanena, kowa da tambayar da ya yi. Masu 1.7 gidajen yarin jihohi da na tarayya kaɗai suka ƙirga, Pew suka haɗa da na ƙananan hukumomi inda ake ajiye masu jiran shari'a da masu ɗan gajeren hukunci, su biyun kuma na rana ɗaya ne, wa ke ciki yau. Miliyan 5 ɗin gidauniyar Annie E. Casey ce ta fitar a 2016, kuma abin da aka tambayi masu riƙon yaran shi ne ko an TAƁA ɗaure mahaifin yaron ko mahaifiyarsa tun haihuwarsa, ko da kwana kaɗan ne ya fito. Wanda ya turo wa Malam saƙon shi ya ƙara "yanzu haka" daga aljihunsa.

Malamin Lissafi: To ka ga ni ke da gaskiya

Maman Biyu: Rabin gaskiya dai Malam. Yaron da aka tafi da ubansa yana shekara 6 ya dawo yana 9, don uban ya fito sai a goge shi a lissafi? Kuma ni ko 5 ɗin ina ganin ya yi kaɗan, tunda a kan iyayen da suka zauna gida ɗaya da yaron kawai aka yi tambayar, ga kunya, wace uwa ce za ta gaya wa baƙo a waya mijina na kurkuku

Barista: Wannan haka ne Hajiya. Su ma fursunonin, musamman mata, wasu na ɓoye yaransu don tsoron kar hukuma ta ƙwace su. Dubi Ingila da Wales, a 2019 cibiyar Crest ta ce yara 312,000 ne a shekara uwarsu ko ubansu ke gidan yari, gwamnati da ta haɗa bayanan ma'aikatunta a 2024 ta samu kusan 193,000.

Autan Gida: kai! tazarar sama da dubu 100?? me zai hana a rubuta sunan yaran ranar da aka kawo mutum kawai a huta

Maman Biyu: Auta in kai ne a hannun gandiroba za ka ba da sunan 'ya'yanka ba ka san me za a yi da shi ba?

Malamin Lissafi: Ni dai a cire "yanzu haka" ɗin kafin a sake turawa