Idan kayan asibiti suka yanke, me ke wuyan kamfani?

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawararmu kan wannan tambaya.

1. Baki ya zo ɗaya: kamfanin da ya hango kayansa za su yanke, ya faɗa da wuri. A Tarayyar Turai doka ce tun 10 ga Janairu 2025. Muddin yankewar za ta iya cutar da marasa lafiya sosai, dole ya sanar da hukuma da asibitoci da dillalai aƙalla wata 6 kafin lokacin.

2. Dokar Amurka ta 2020 ta tilasta sanar da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ne kawai a lokacin dokar ta-ɓaci kan lafiya ko gab da ita.

3. An rabu kan Kano. Wasu suka ce tunda NAFDAC ke yi wa kayan rajista, ya kamata ta ɗora wa masu shigo da su nauyin sanarwa. 'Yan kasuwar magani ta Dangwauro suka ce su ma sai kwantena ta makale suke ji.

Ni ina tare da masu cewa a ɗora wa masu shigo da kayan nauyin sanarwa. Mai wankin ƙoda ba ya iya jiran mako biyu a nemo abin tace jini. Na ga dattijo zaune a benci, rungume da katinsa tun asuba, aka ce ya koma gida.